An ƙirga ta wajen lissafi, an tsallake ta wajen rabo: diyyar harin 11 ga Satumba da masu zaman jinsi ɗaya

Akwai wata mata da ta rasu a dogayen benayen nan na World Trade Center a birnin New York ranar 11 ga Satumba 2001, ma'aikaciyar wani kamfanin inshora ce. Da asusun diyya na gwamnatin Amurka ya zauna lissafin abin da za a biya a kanta sai ya fara fitar da dala dubu 278, a matsayin mace mai zaman kanta ba miji ba ɗa. Daga baya aka kawo hujjoji cewa ai ba ita kaɗai take zaune ba, akwai wata mata da suke gida ɗaya sama da shekara 15, tukunya ɗaya aljihu ɗaya, sai asusun ya ƙara dala dubu 253, kuɗin ya tashi dubu 531 da ɗoriya. Toh amma da aka tashi biya ba wannan matar aka ba ba, ɗan'uwan mamaciyar na jini aka damƙa wa kuɗin gaba ɗaya saboda shine wakilin gado, shi kuma yace ai doka shi ta sani, ya riƙe duka har da wancan ƙarin da ba dan matar ba da ba a yi shi ba.

Na san wasu da sun ga kan rubutun nan zasu ja tsaki su wuce, kuma na fahimta. Hukuncin addini a kan irin wannan zama sananne ne a wajenmu, ni ba fatawa na zo bayarwa ba, a Najeriya ma akwai dokar 2014 da ta haramta auren jinsi. Abin da ya tsaya min a rai daban ne, maganar amana ce da maganar ma'auni, gwamnati ta auna asara da mudu ɗaya sannan ta raba kuɗin da wani mudun, kuma wanda ya faɗa tsakanin mudu biyun mutum ne da ya wayi gari gawar wanda yake ciyar da shi tana ƙarƙashin ɓaraguzai.

Bari mu fara da yadda asusun ya samu. Harin ya kashe mutum 2,977, a New York da ma'aikatar tsaro ta Pentagon da kuma jirgin da ya faɗi a jihar Pensilbaniya. Kwana goma sha ɗaya kacal bayan haka, ranar 22 ga Satumba, shugaba George W. Bush ya sa hannu a wata doka wadda asalinta dan ceto kamfanonin jiragen sama aka yi ta, dala biliyan 15 aka ware musu tsakanin tallafi da lamunin bashi, saboda ana tsoron in dubban iyalai suka maka su a kotu zasu durƙushe. A cikin dokar aka cusa asusun diyya, sharaɗin kuma shine in ka karɓi kuɗin asusun ka yafe haƙƙinka na kai kamfanin jirgi ƙara. Kaga kenan tun farko wannan kuɗi ba sadaka ba ne, musaya ce, kuma an rubuta dokar a gaggauce har ba a tsaya an fayyace waye iyali ba. Ministan shari'a na lokacin John Ashcroft ya naɗa wani lauya, Kenneth Feinberg, ya riƙe asusun a watan Nuwamba 2001, mutumin ya yi wata 33 yana wannan aiki bai karɓi ko sisi ba, ya zauna da ɗaruruwan iyalai ido da ido. A ƙarshe asusun ya biya sama da dala biliyan 7, a kan mamata 2,880 da waɗanda suka ji rauni 2,680, kuma kashi 97 cikin ɗari na iyalan mamatan sun shiga.

Yadda ake lissafin shine zuciyar maganar, dan haka bari in ɗan tsaya a nan. Kashi biyu ne. Na farko kuɗin raɗaɗi, dala dubu 250 a kan kowane mamaci ba bambanci, sai a ƙara dubu 100 ga miji ko mata da kowane wanda mamacin ke ɗauke da nauyinsa. Na biyu asarar samu, a duba shekarun mutum da albashinsa a ƙiyasta abin da zai samu da ya rayu har ya yi ritaya, sannan a cire abin da zai kashe a kan kansa, tunda wannan ba asarar waɗanda ya bari ba ce. Gwauro ko tuzuru ana ɗauka yawancin kuɗinsa a kansa yake ƙarewa, dan haka abin da ake cirewa da yawa ne, diyyar ta ragu. Mai iyali kuwa kaɗan ake cirewa. Bayan haka sai a sake cire kuɗin inshorar rai da fansho da makamantansu. Ma'ana dai lissafin gaba ɗaya tambaya ɗaya yake yi, wa ke cin abincin mutumin nan, nawa ya rasa.

Amma wajen biya sai aka sauya tambayar. Ƙa'idojin da aka kammala a watan Maris 2002 sun ce mutum ɗaya ne zai shigar da takarda a kan kowane mamaci, wakilin gadonsa, kuma rabon zai bi wasiyya in akwai, in babu a bi dokar gado ta jihar da mamacin yake zaune. Dokar gadon jihohin kuma jeri ne sananne, miji ko mata, 'ya'ya, iyaye, 'yan'uwa, har a gangara kan dangi na nesa. A 2001 babu jiha ko ɗaya a Amurka da ke ɗaura auren jinsi, jihar Bamont dai ta fito da wata rajista mai kama da aure a 2000, sannan ga dokar tarayya ta 1996 da Bill Clinton ya sa wa hannu wadda tace aure a idon gwamnatin tarayya namiji da mace ne kawai. Toh abokin zama ba ya cikin jerin, ko shekara talatin suka yi tare, ɗan'uwan da rabonsa da mamacin an jima ya fi shi matsayi. Kuma ka tuna yawancin waɗanda suka mutu masu ƙarfi ne a tsakiyar rayuwa, sun fita aiki da safe ne, da yawa ba su taɓa tunanin rubuta wasiyya ba.

Mutanen da wannan ya shafa ba su da yawa in aka kwatanta da dubban iyalai, waɗanda suka fito fili ba su wuce ashirin da wani abu ba. Ƙarancin nasu ma yana cikin abin da ya sa lamarin ya dame ni, dan ba kuɗi ne ya yi kaɗan ba, asusun ba shi da iyaka a doka, ko an biya su babu wanda za a rage wa rabonsa.

Misali na farko daga Pentagon ne, inda mutum 184 suka mutu. Cikinsu akwai wata farar hula mai aiki da rundunar sojan ƙasa, ta bar abokiyar zamanta ta kusan shekara 18, gida ɗaya suka saya suna biyan bashinsa tare. Matar ta nemi taimako a asusun jihar Bajiniya na waɗanda aka yi wa laifi tunda a jihar Pentagon take, sai aka aiko mata da wasiƙa, an yi mata ta'aziyya da ladabi sannan aka ce ba ta cancanta ba saboda ita ba mata ba ce ba uwa ba ba kaka ba ba 'yar'uwa ba ba 'ya ba. Ka ɗauka kaine ka buɗe wannan ambulan a falon da kuka saya tare, kayan mutum na rataye a ɗaki, ga takardar bashin gida ta wata mai zuwa a kan tebur, ana jera maka sunayen dangi ɗaya bayan ɗaya babu inda ka faɗo. Abin da ya cece ta shine mamaciyar ta bar wasiyya da sunanta a ciki. Da wannan Feinberg ya samu ƙofa, a farkon 2003 labari ya fito cewa asusun tarayya ya ba ta sama da dala dubu 500, kuma ana kallonsa a matsayin karo na farko da gwamnatin tarayyar Amurka ta biya abokin zaman jinsi ɗaya irin wannan diyya. Takarda ɗaya ce ta raba ta da matar New York, wasiyya.

A jihar New York kuwa an yi ta faci ne nan da can. Gwamna George Pataki, ɗan jam'iyyar Rifablikan ne fa, ya fitar da umarni a watan Oktoba 2001 cewa hukumar jihar mai tallafa wa waɗanda aka yi wa laifi ta ɗauki abokan zaman waɗanda suka mutu a harin daidai da ma'aurata. Ƙungiyar Red Cross ma bayan an yi ta kai mata koke ta fitar da ƙa'ida ta sa su cikin iyali. A 2002 majalisar jihar ta yi doka ta bayyana cewa nufinta abokan zama su samu rabo a asusun tarayya, ta kuma yi wata ta ba su haƙƙin diyyar ma'aikaci da ya mutu a bakin aiki, amma na wannan harin kaɗai. Kuma ba da baki ake karɓa ba, sai ka kawo shaida, takardar haya ko ta gida mai sunan mutum biyu, asusun banki na haɗin gwiwa, bil ɗin wuta, sunanka a takardar inshora, tsawon zaman. Mai takardar aure shafi ɗaya yake miƙawa, waɗannan kuwa sai sun kwaso rayuwarsu a kwali sun baje a gaban ma'aikaci, kuma ni ban ga laifin neman shaida ba, kuɗin jama'a ne, abin da ya nuna min shine ashe gane waye ya dogara da wa ba abu ne mai wuya ba in ana so a gane.

A matakin tarayya ma an yi wani facin. A lokacin akwai diyyar dala dubu 250 da ake ba iyalan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da suka mutu a bakin aiki, da can sai mata ko miji ko 'ya'ya ko iyaye. A watan Yuni 2002 Bush ya sa hannu a wata doka da aka sa wa sunan Mychal Judge, limamin Katolika na 'yan kwana-kwanan New York wanda ya mutu a wajen kuma shi aka rubuta a lamba ta ɗaya cikin mamatan, dokar tace in babu mata ko 'ya'ya a ba wanda mamacin ya rubuta a inshorar ransa. Ba a ambaci jinsi ba ko sau ɗaya, an dai bi zaɓin mamacin, kuma wannan a ganina ita ce dabara mafi tsafta da aka yi a duk lamarin. Kalifoniya ita ma a watan Satumba 2002 gwamna Gray Davis ya sa hannu a dokar da ta ba abokan zama masu rajista rabon gado in ba wasiyya, bayan fafutukar wani mutum da abokin zamansa ma'aikacin jirgi ne a ɗaya daga jiragen da aka sace, sai dai dokar ba ta komawa baya, shi da ya yi wahalar ba ta amfane shi a kan nasa mamacin ba.

Yanzu mu dawo kan matar da na fara da ita. Mamaciyar ba ta bar wasiyya ba, ba miji ba ɗa, dan haka kotun gado ta naɗa ɗan'uwanta wakili, kuma a dokar New York shine magaji. Tsarin Feinberg a irin wannan shine ya lallashi ɓangarorin su sasanta, in dangi da abokin zama sun amince da rabo sai ya sa albarka, kuma an samu iyalai da suka yi hakan cikin mutunci, wasu iyayen da kansu suka ce wannan shi ya riƙe ɗanmu a ba shi. In kuma an ƙi sasantawa sai ya biya wakili yace a je kotun jiha. A nan an ƙi. Feinberg ya yarda da zaman har ya sake lissafi a matsayin gida mai mutum biyu, wanda shine ya haifar da ƙarin dubu 253, amma bai rubuta cek da sunan matar ba.

Matar ta shigar da ƙara a kotun jiha da ke Brooklyn. Hujjar ɗan'uwan ba ta banza ba ce, dole in faɗi gaskiya, yace ƙa'idar asusun tace a bi dokar gado, dokar gado tace shine, sannan dokar jihar ta 2002 ta ba wakilan gado kariya daga ƙara in sun raba kuɗin da kyakkyawar niyya. Shi ma fa 'yar'uwa ya rasa, ba baƙo ba ne da ya faɗo daga sama. Amma ka duba abin da kyau. Da matar ba ta wanzu ba dubu 278 zai karɓa ba ƙari. Dubu 253 ɗin an ƙirƙire su ne daga asarar wani mutum daban, daga cefanen da ba za a ƙara yi ba da rabin kuɗin gida da ba mai biya, toh ta yaya wanda bai yi wannan asarar ba zai sa su a aljihu? Ko a kasuwa aka ba ka kaya aka ce wannan ƙarin saboda wane ne, ai ka san ajiya aka ba ka. Mai shari'a Yvonne Lewis a 2004 ta ƙi korar ƙarar, kuma a 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta goyi bayanta, tace matar na da hurumin neman aƙalla wancan ƙarin, bisa ƙa'idar da ke hana mutum azurta kansa da abin da ba haƙƙinsa ba, da kuma ƙa'idar da ke ɗaukar wanda dukiya ta faɗa hannunsa a irin wannan hali a matsayin mai riƙon amana.

Laifin wa? Ni ban ɗora wa Feinberg duka ba. Majalisa ta miƙa masa doka mai rami, ga dokar 1996 a kansa, ga jihohi hamsin kowace da dokar gadonta, kuma yana tsoron in ya fara yanke wa ya fi kusa da mamaci a kowane gida to ya zama alƙalin gado na iyalai dubu uku. Amma duk da haka ina ganin ya yi rabin aiki a wannan shari'ar. Tunda har ya iya zama ya saurari hujja ya gamsu ya ƙara kuɗi, to ya riga ya yanke hukuncin da yake cewa ba zai yanke ba, saura kawai ya raba cek ɗin biyu. Barin hakan ya jefa mace mai makoki cikin shekaru na lauyoyi da dangin wadda ta rasa.

Kuma matsalar ba ta tsaya kan masu jinsi ɗaya ba, su dai suka fi fitowa fili saboda su ƙofar aure a rufe take musu ko suna so. Akwai waɗanda aka sa wa rana ba a kai ga ɗaurawa ba, akwai mace da namiji da suka daɗe tare ba takarda, akwai baƙin haure masu aikin gidan abinci a saman benen da iyalansu ke wata ƙasa, waɗannan na ƙarshen asusun ya biya iyalansu ba tare da duba takardar zama ba, abin a yaba. Mu ma in muka duba gida mun san irin wannan ramin ta wata fuskar, ɗan riƙo da ya tashi a hannun mutum ba ya gado, tsohuwar da mutum ke kai wa hatsi duk wata ba ta gado, shi yasa shari'a ta bar ƙofar wasiyya har sulusin dukiya ga wanda ba magaji ba. Gado yana da masu shi kuma ba a taɓa su. Amma kuɗin da gwamnati ta ware bayan bala'i tace na maye gurbin ciyarwar da aka rasa ne, wannan in an zuba shi a kwanon gado kai tsaye to wani mai ci a hannun mamacin zai kwana da yunwa alhali an ƙirga bakinsa a lissafi.

Daga baya dokokin Amurka sun canja. Masacuset ta fara ɗaura irin wannan aure a 2004, New York a 2011, kotun ƙoli ta rushe wancan sashe na dokar 1996 a watan Yuni 2013, sannan a watan Yuni 2015 ta buɗe shi a duk ƙasar. Tambayar ma ta ƙetara wasu ƙasashe, a Japan inda har yanzu ba a ɗaura auren jinsi kotun ƙolinsu ta yanke a watan Maris 2024 cewa abokin zaman jinsi ɗaya zai iya shiga cikin waɗanda ake ba tallafin iyalan wanda aka kashe, hujjarta kuwa ita ce manufar tallafin rage raɗaɗi da asarar wanda aka bari ne, kuma wannan asarar ba ta canjawa da jinsin mutum. Wato sun raba maganar aure da maganar diyya, sun amsa ta biyun ba tare da sun taɓa ta farkon ba.

Duk waɗannan canje-canje ba su koma baya sun gyara wa mutanen 2001 komai ba, mamaci ba ya ɗaura aure ba ya rubuta wasiyya. Asusun ya rufe karɓar takardu ranar 22 ga Disamba 2003 ya gama biya a tsakiyar 2004, yawancin iyalai sun karɓi nasu sun shiga wani babin. Ita kuwa matar New York sai a 2006, kusan shekara biyar bayan faɗuwar benen, kotu ta gaya mata abin da ta samu, kuma ba kuɗin ba ne, izini ne ta ci gaba da shari'a a kan dala dubu 253 da aka ƙara saboda ita.